Yadda Ake Kwance Cunkoson Tireloli a Bakin Iyaka: Abin da Hanyar Dover Ta Koyar

A shekarun da Birtaniya ke ta kai-kawo kan ficewa daga Tarayyar Turai, hukumar tashar jiragen ruwa ta Dover ta fitar da wani lissafi da ya hana jami'ai barci. Ta ce in aka ƙara wa kowace tirela minti 2 kacal wajen bincike, layin motoci zai miƙe har mil 17, wato kimanin kilomita 27. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka zuƙi ne. Amma a ranar da kasuwa ta buɗe, manyan motoci kusan 10,000 ne ke ratsa tashar, masu fita da masu shigowa. In aka raba su a kan mintocin yini, kusan mota 7 ke nan a kowane minti, dare da rana. Tirelar Turai kuwa tsawonta mita 16.5 ne, don haka mota 1,000 da aka jera hanci da wutsiya sun haura kilomita 16. Ga tashar kanta a matse, teku a gaba, fararen duwatsun alli a baya, babu filin da za a ce wa direba ya koma gefe ya jira.

Tun daga 1993, lokacin da kasuwar bai-ɗaya ta Turai ta kankama, tirela kan taso daga tsakiyar Ingila ta sauke lodi a Jamus ba tare da ta tsaya gaban jami'in kwastan ko sau ɗaya ba. Jirgin fito na minti 90 ne tsakanin Dover da Calais, jirgin ƙasa na ƙarƙashin teku kuma minti 35 daga Folkestone. Ƙuri'ar ficewa ta 23 ga Yunin 2016 ce ta sauya wannan, kuma da ƙarfe 11 na daren 31 ga Disambar 2020 iyakar kwastan ta dawo a kan hanyar da ba a gina ta don tsayawa ba. Abin da lardin Kent, inda Dover take, ya yi daga nan, da wanda ya ci da wanda ya kife, shi ne mafi cikar misalin wannan sana'a ta tafiyar da layi. Ginshiƙinta ɗaya ne: duk aikin da za a iya yi nesa da ƙofa, a yi shi can, ƙofa ta zama wurin wucewa kawai.

Takarda ta riga mota isa

Aiki na farko a ofis yake farawa, tun ba a ɗaura lodi ba. Mai kaya yana buƙatar lambar rajistar kwastan da ake kira EORI. Shi ko ejan ɗinsa zai shigar da bayanin fitar da kaya a ɓangaren Birtaniya, mai saye kuma ya shigar da bayanin shigowa a ɓangaren Faransa ko ƙasar da kayan za su. Kowane bayani yana fitowa da lambarsa. Tirela ɗaya na iya ɗauke da lambobi 20, kuma ba mai son direba ya tsaya a bakin jirgi yana zazzage jaka. Saboda haka Birtaniya ta kafa manhajar GVMS, inda kamfanin sufuri ke tattara lambobin duka su zama lamba guda, a ɗaura ta a kan lambar motar. Direban da ya iso ba wannan lamba, ma'aikacin kamfanin fito ba zai ba shi gurbi a jirgi ba.

Faransawa sun yi nasu da suka kira iyaka mai basira, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ne mafi wayo a cikin tsarin gaba ɗaya. A Dover ake karanta lambar takarda a haɗa ta da lambar mota. Yayin da jirgi ke kan ruwa, kwamfutar kwastan ta Faransa na tantance kayan. Kafin a iso Calais, allunan talabijin da ke ɗakin hutun direbobi sun nuna wa kowa makomarsa: kore, ya sauka ya kama hanya, ruwan lemo, ya ratse zuwa wurin bincike. Minti 90 da a da ake kashewa wajen cin abinci da gyangyaɗi, su aka mayar lokacin aikin kwastan, ba a ci wa kowa ko daƙiƙa ba. Faransa ta ɗauki ƙarin jami'an kwastan 700 domin wannan sauyi, ta kuma kai binciken kifi garin Boulogne-sur-Mer, inda masana'antar kifi take, maimakon ta cusa shi cikin tashar Calais.

Inda takarda ta fi ba da wahala shi ne lodin haɗaka, wato mota ɗaya ɗauke da kayan 'yan kasuwa da yawa. Wake ɗaya ke ɓata gari. In mutum 12 suka haɗa kaya, 11 takardunsu lafiya, ɗaya ya yi kuskure a lambar nau'in kaya, motar duka ce za ta tsaya. Masu fitar da kifi da ƙaguwa na Sikotlan sun ɗanɗani wannan a Janairun 2021. Kowane kaso na kaya sai da takardar lafiya mai sa hannun jami'in da hukuma ta amince da shi, kaya kuwa ba sa jira. Kifin da a da ke isa kasuwar Faransa washegari ya koma kwana 2 ko 3, wani ya ruɓe a hanya. Ranar 18 ga wannan wata direbobinsu suka jera tireloli a tsakiyar Landan don nuna fushi, gwamnati ta ware fam miliyan 23 na rage asara. Gyaran da ya biyo baya na tsari ne: a tattara kaya a cibiya ɗaya, a duba takardun kowa a can, wanda nasa bai cika ba a sauke kayansa tun kafin a rufe ƙofar mota, ragowar su wuce.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da kan kayar da babbar mota. Katakon da ake ɗora kaya a kai dole ya zama an gasa shi an buga masa hatimi, saboda ƙwari. Guzurin direba ma ya shiga doka: a makonnin farko na 2021 jami'an Holan a tashar Hoek van Holland sun karɓe burodi mai nama daga hannun direbobi, domin an hana shiga Tarayyar da nama ko madara daga waje. Kamfanin da ya san aikinsa yakan rubuta irin waɗannan a takarda ɗaya ya manna a gaban mota. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Amma me za a yi da wanda ya taso bai shirya ba? A Satumbar 2020 minista Michael Gove ya gargaɗi masu sufuri cewa in abu ya yi muni, tireloli 7,000 na iya taruwa a Kent, jira ya kai kwana 2. Mota 7,000 a jere kusan tazarar Dover zuwa Landan ce. Maganin da aka fito da shi shi ne takardar izinin shiga Kent. Duk motar da ta haura tan 7.5 mai niyyar tsallakawa, sai an shiga intanet an amsa tambayoyi kan takardunta. In komai ya cika, ta sami izinin sa'a 24. In bai cika ba, a ce mata kada ta taso. Kyamarori masu karanta lambar mota na kan hanya, wanda aka kama ba izini kuma tarar fam 300 ce nan take. Mutane sun yi ta surutu cewa an kafa iyaka a cikin gida. Sai dai hikimar a fili take: motar da za a kora daga bakin jirgi, gara ta kwana a garejinta na Birmingham da ta zo ta toshe wa 100 hanya tana neman wurin juyawa. Layin 7,000 bai faru ba, wani ɓangare saboda 'yan kasuwa sun tara kaya tun kafin wa'adi, wani kuma saboda motoci da yawa sun riƙa komawa Turai wayam. A Afrilun 2021 aka soke izinin. Wannan ma darasi ne ga mai tsarawa: matakin gaggawa a sa masa ranar sauka, in mutane sun koyi sabon tsari a ɗage shi.

Direbobin da ke dakon kaya tsakanin Kano da Legas za su ga kamannin wani abu da suka sani. A Fabrairun 2021, a daidai wannan lokaci, Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta ƙaddamar da Eto a Apapa, inda mota ke jira a garejin da aka amince da shi har sai an kira ta ta manhaja. Dalilin cunkoson ya bambanta, amma tunanin guda ne, kuma a wuraren biyu ƙarfin tsarin ya dogara da ko mai tsallake layi na samun shiga.

Inda ake tsare motoci

Komai kyan takarda, ranar tsaiko za ta zo: iska ta hana jirgi tashi, ma'aikata su shiga yajin aiki, kwamfuta ta ɗauke. A ranar, abin tambaya shi ne inda za a ajiye motocin da kuma yadda za a riƙa sakin su.

Kent na da matakai hawa-hawa, kuma ana hawa su ne gwargwadon tsananin matsala. Na farko yana kan hanyar A20, dab da shiga garin Dover, an fara shi a 2015. Tireloli kan jeru a hannun hagu, ƙananan motoci su wuce ta dama, danja kuma ta riƙa sakin manyan kaɗan-kaɗan daidai da gurbin da ya samu a tasha. Manufar ita ce kada layi ya shiga cikin gari ya datse shataletale, motar asibiti ta rasa hanya. Yana aiki, amma mazauna unguwar Aycliffe da ke gefen wurin sun sha kokawa kan ƙarar injin da hon cikin dare. Duk inda aka ajiye layi, a ƙofar gidan wani aka ajiye shi, kuma mai tsarawa ya kamata ya je ya zauna da mutanen tun kafin ranar.

In layin ya fi ƙarfin A20, sai a koma babbar hanyar M20. A nan tarihi ya fi tsawo. Daga 1988 aka riƙa amfani da dabarar da ake kira Stack: 'yan sanda su rufe ɓangaren hanyar da ke gangarawa teku gaba ɗaya, su mayar da shi garejin tireloli, sauran jama'a kuma a watsa su cikin ƙananan hanyoyin ƙauyuka. A bazarar 2015, da yajin aikin ma'aikatan jirgin fito a Calais ya haɗu da yunƙurin 'yan ci-rani na kutsawa cikin ramin jirgin ƙasa, an shafe sama da kwana 30 a haka. Kent ta tsaya cak. Gwamnati ta yi alkawarin gina katafaren gareji na fam miliyan 250 a Stanford mai ɗaukar mota 3,600, masu adawa da shirin suka garzaya kotu, a Nuwambar 2017 aka jingine shirin.

Daga nan aka haifi sabon tsarin da ake kira Brock. Ana shimfiɗa shi tsakanin mahaɗa ta 8 kusa da Maidstone da mahaɗa ta 9 kusa da Ashford, kimanin kilomita 21. Tagwayen hanya ce. Ɓangaren da ke gangarawa teku a bar wa tirelolin da za su tsallaka su kaɗai, kuma yana ɗaukar kusan 2,000. Ɓangaren da ke hawa Landan a raba shi gida biyu da shinge, masu zuwa da masu komowa su yi amfani da shi tare, gudu kada ya wuce mil 50 a sa'a. Ta haka hanya ba ta mutuwa ga malamin makaranta, mai tasi ko motar da ke kai madara shagunan Ashford.

Yadda ake kafa shingen ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan aka yi kuskure aka gyara. Na farko, na 2019, na ƙarfe ne da ake ɗaurewa a ƙasa, kafa shi na cin makonni, cire shi ma haka. Sakamakon haka sai aka bar shi a tsaye wata da watanni ana jiran ficewar da aka yi ta ɗagewa, jama'a na tafiyar hawainiya ba dalili. A ƙarshen 2020 aka kawo na kankare: dubban tubala masu haɗe da juna kamar sarƙa, suna kwance a gefen titi. Wata mota ta musamman ke bi ta kansu, ta ɗaga su ta gaba, ta ajiye su ta baya a tsakiyar hanya. A rufe hanya da dare, kafin gari ya waye an gama. Wanda zai tsara irin wannan a ko'ina ya fara da tambayar sa'o'i nawa kafawa za ta ci, sa'o'i nawa kuma cirewa, domin matakin da ke da wuyar cirewa shi ke zama wa jama'a ƙarfen ƙafa.

A cikin ɓangaren tireloli, in babu tsaiko motoci na wucewa ne kai tsaye. In tasha ta cika, danjar da ke gaba ta kama ja, su jeru layi biyu, masu zuwa jirgin fito daban, masu zuwa jirgin ƙasa daban, a bar fili a tsakani don motar kashe gobara ko ta asibiti. Raba layin nan ba ƙaramin abu ba ne. In jiragen ruwa sun tsaya amma jirgin ƙasa na aiki, babu hujjar direban da ya sayi tikitin jirgin ƙasa ya kwana bayan wanda ke jiran iska ta lafa. Saki kuwa ba da ka ake yi ba. Tasha ce ke faɗin gurbi nawa ya samu, ɗakin kula da zirga-zirga ya ba da umarni, jami'in da ke bakin danja ya ƙirga ya saki.

Sai babbar cutar kowane layi a duniya, wato masu zagaye. Direban da ya san gari ya san akwai hanyar M2 da A2 da ke shiga Dover ta arewa. In ya bi ta ya riga wanda ya kwana a layi shiga jirgi, gobe ba mai shiga layi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. An sa jami'ai a shataletalen Brenley Corner suna mayar da masu zagaye, ga tarar fam 300, amma ga kamfanin da lodinsa ya kai dubban fam, tarar kuɗin shayi ce. Abin da ya fi tasiri shi ne wanda aka fara a Yulin 2024: a bakin layin Brock ake miƙa wa direba takardar shaida, in ya iso kusa da Dover ba ita, a juya shi ya koma wutsiyar layi. Asarar sa'o'i ta fi tara zafi. Su kuma kamfanonin sufuri da garejinsu ke cikin Kent, kusa da tasha, an ba su nasu izinin daban, don ba hankali ba ne a ce mutumin Folkestone ya yi tafiyar kilomita 40 baya domin ya shiga layin da zai dawo da shi ƙofar gidansa.

Tsohon filin jirgin saman Manston, wanda aka rufe a 2014, shi ne aka tanada a matsayin mataki na ƙarshe, mai ɗaukar mota kusan 4,000. An gwada shi ranar 7 ga Janairun 2019 da tireloli 89, aka yi ta yi wa gwajin dariya saboda ƙanƙantarsa. Gwajin da bai kai kashi 1 cikin 100 na motocin yini ba zai nuna ko hanya na biyuwa, amma ba zai nuna ko ban-ɗaki zai isa ba.

Bincike a cikin ƙasa, da abin da yake ci

Binciken da ke buƙatar buɗe mota ba ya yiwuwa a Dover, don haka aka fitar da shi. An gina cibiyar Sevington a gefen Ashford, kusa da mahaɗa ta 10a, ta fara aiki a Janairun 2021. A nan ake buɗe takardun ratsawa na kayan da za su bi ta ƙasashe da yawa kafin a biya musu haraji, a nan kuma, tun 30 ga Afrilun 2024, ake duba nama, cuku, furanni da tsirran da ke shigowa daga Turai. Birtaniya ta ɗage fara wannan bincike har sau 5, ta kuma shigo da shi daki-daki: takardun lafiya daga 31 ga Janairun 2024, duba kaya ido da ido bayan wata 3. Tarayyar Turai ta fara nata ne a rana ɗaya. Ta fuskar cunkoso, shigo da doka daki-daki ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake manoman Birtaniya sun yi ƙorafin cewa shekara 3 ana binciken kayansu a can, na abokan gogayyarsu na shigowa salin-alin.

Fitar da bincike daga tasha na da farashi. Sevington na da nisan mil 22 daga Dover, kimanin kilomita 35, kuma motar da aka umarta ta je can ita kaɗai take tafiya, ba rakiya. Hukumar lafiyar tashar Dover da 'yan majalisa sun nuna damuwa cewa mai mugun nufi na iya sauke gurɓataccen nama a hanya, ko ya ƙi zuwa sam. Masu shigo da furanni daga Holan kuma sun koka kan jiran sa'o'i masu yawa da yadda ake sauke kaya masu laushi. Ga kuɗin amfani da cibiyar da ke kaiwa fam 145 a kan kaso ɗaya na kaya, wanda ƙaramin ɗan kasuwa ya fi jin nauyinsa. Duk wanda zai kwaikwayi wannan tsari, hatimin ƙofar mota, na'urar bin sawu da hukunci mai tsanani ga wanda bai bayyana ba suna cikin ginin, daidai da rumfa da sikeli.

Batun wa za a fara saki kuwa, Kent ta taƙaita shi sosai a shirin 2021: kifi da dangoginsa masu rai ko ɗanye, da 'yan tsaki masu kwana ɗaya. An tanadi wurin tantance su daban domin su tsallake layi. Masu nama da kayan lambu sun nemi a sa su, aka ƙi. Hukuncin na da zafi amma yana da hujja, domin in rabin motoci suka zama na gaggawa, layin gaggawa ya zama layi na biyu kawai.

Mutumin da ke cikin motar

A nan ne tsarin Kent ya fi rauni, kuma a nan ne ya kamata mai koyi ya fi buɗe ido. Ranar 20 ga Disambar 2020, kwana 11 kafin sabuwar iyaka ta fara, Faransa ta rufe ƙofarta na sa'a 48 saboda sabon nau'in korona. Dubban tireloli suka cika M20 da Manston cikin tsakiyar hunturu. Yawancin direbobin 'yan Folan ne, da Romaniya, da Bulgeriya da sauran ƙasashen gabashin Turai, suna hanyar komawa gida hutun Kirsimeti. Abinci bai isa ba, ban-ɗaki bai isa ba, bayani kuma ba ya zuwa cikin harshen da suke ji. Mabiya addinin Sikh daga wurin ibadarsu na Gravesend, tare da ƙungiyar agaji ta Khalsa Aid, suka dafa abinci mai zafi ɗaruruwan kwano, 'yan sanda suka raka su suka raba a kan titi. Sai da aka turo sojoji yin gwajin cutar kafin layi ya motsa, da yawa kuma a cikin mota suka yi bikin. Abin a yaba wa masu agajin ne, amma abin kunya ne ga shirin da aka shekara ana yi a ce cikin direba ya dogara da alherin maƙwabta.

Tirela a kan takardar mai tsarawa mita 16.5 ce. A kan titi kuwa akwai mutum a ciki mai buƙatar ruwa, wurin kama ruwa, da sanin yaushe zai motsa. Akwai kuma dokar sa'o'in tuƙi da na'urar cikin mota ke rubutawa: sa'a 9 a yini, hutun minti 45 bayan kowace sa'a 4 da rabi, da hutun yini na sa'a 11. Layin da ke jan jiki mita 200 duk bayan minti 20 shi ne mafi muni, don direba bai yi tafiya ba, bai kuma huta ba. Sa'o'insa na iya ƙarewa daidai lokacin da ya iso gaba, motarsa ta zama shinge ga na baya. Ya fi kyau a tsayar da rukuni guda tsawon lokaci sananne, a gaya musu, sannan a sake su gaba ɗaya. Gwamnati kan sassauta dokar sa'o'in na ɗan lokaci in abu ya ɓaci, amma gajiyayyen direba a kan mota mai tan 40 ba abin da za a mayar al'ada ba ne.

Bazarar 2022 ta nuna yadda matsaloli ke haɗuwa. Ranar 17 ga Maris kamfanin fito na P&O ya sallami ma'aikata kusan 800 a rana ɗaya, jiragensa na Dover suka daina aiki makonni. A ƙarshen watan manhajar GVMS ta ɗauke na kwanaki, aka koma duba lambobi ɗaya bayan ɗaya. Ga hutun Ista, ga iska a teku. Brock ya cika ya tumbatsa, aka ƙara rufe wani sashe na M20. A Yulin shekarar kuma, ranar 22, ƙarancin 'yan sandan Faransa a rumfunan duba fasfo ya jawo jiran sa'o'i 6. Su a cikin Dover suke aiki, bisa yarjejeniyar Le Touquet ta 2003, don haka duk jinkirin Faransa a titin Ingila yake bayyana. Abu biyu ne ke fitowa daga nan ga mai tsarawa. Kowace manhaja a rubuta mata hanyar hannu da za a koma in ta mutu, a kuma gwada hanyar kafin ranar. Sannan a sami teburi guda da kowa ke zama: a Kent akwai dandalin da ya haɗa 'yan sanda, majalisar lardi, hukumar manyan hanyoyi, tasha da kamfanin jirgin ƙasa, shi ke yanke ranar kafa Brock da ranar cire shi, bisa yawan tikitin da aka saya na makonni masu zuwa.

Wani ɓangaren cunkoson kasuwa ce ta kwashe shi da kanta. 'Yan kasuwar Ayalan da a da ke ratsa Birtaniya zuwa Faransa sun koma jiragen da ke tafiya kai tsaye daga Rosslare zuwa Dunkerque da Cherbourg, tafiya mai tsawo amma ba kwastan. Wasu kamfanoni kuma sun koma tura bayan tirela kaɗai ta tashoshin gabashin Ingila, wani kan mota ya ɗauke ta a can. Kowace motar da ta sauya hanya, gurbi ne ya samu a M20.

Brock dai an yi shi ne a matsayin na wucin gadi, ga shi har yanzu ana shimfiɗa shi kusan kowane babban hutu, kuma 'yan Kent na ci gaba da neman a gina wurin ajiya na dindindin a gefen hanya mai ban-ɗaki da wurin cin abinci. A taron 19 ga Mayun 2025 Birtaniya da Tarayyar Turai sun amince su ƙulla yarjejeniyar da za ta rage binciken abinci da tsirrai, abin da zai sauke wa Sevington kaya mai yawa. A ɗaya hannun, daga 12 ga Oktoban 2025 Tarayyar ta fara ɗaukar hoton yatsu da fuska na baƙi a iyakokinta, kuma a Dover ana yin wannan ma, a ƙasar Ingila. Direban da zai gangara M20 a wannan yanayi, kafin ya tayar da inji yana tabbatar da lambar kayansa ta fito kuma ta dace da lambar motar da ta tirelar, yana duba ko Brock na aiki a ranar, yana lissafa sa'o'in tuƙin da suka rage masa da zaton jira, sannan ya ɗora ruwa da abincin kwana 2 a bayan kujera, wanda babu nama ko madara a ciki.